Na daina yarda da katin da nake duba da shi, amma mata ba su daina zuwa ba

Assalamu alaikum Inna. Ni budurwa ce mai shekara 28, ina zaune a gidan iyayena a Mabera. A shekarar 2020, lokacin da kullen korona ya haɗu da yajin aikin malaman jami'a muka yi wata da watanni a gida, na koyi duba da katin Turawa da ake kira tarot daga bidiyoyin YouTube. Na sayo katin daga Legas na fara yi wa ƙawayena da wasa, sai labari ya bazu, mata suka riƙa turo kuɗi ina shimfiɗa musu kati, ina aika musu bayani ta saƙon murya a WhatsApp. Da kuɗin nake biya wa ƙanena makaranta, a gida kuwa ana zaton duk ribar turaren wuta da humrar da nake sayarwa ce. Bara na koma Islamiyya, kuma tun daga lokacin zuciyata ta juya, yanzu in na ɗauko katin sai gabana ya faɗi. Na ga wasu Turawa suna cewa ana iya barin faɗin abin da zai faru, a mayar da katin madubin nazarin kai kawai. Shin in bi wannan hanya, ko in bari gaba ɗaya? In ƙarya ne, me ya sa sau da yawa abin da na faɗa yake faruwa? Akwai kuma wata da ta rabu da mai neman aurenta saboda katin da ya fito mata, har yau ba ta yi aure ba, abin yana hana ni barci. Ina jin tsoron in na bari, babu sauran abin da na iya.

Daga wata baiwar Allah, Mabera, Sakkwato.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Na karanta wasiƙarki sau uku kafin na ɗauki alƙalami, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne faɗuwar gaban nan da kika ce tana zo miki duk lokacin da kika ɗauko katin. Ki gode wa Allah a kanta, domin akwai waɗanda suka tsufa a wannan sana'a ba su taɓa jin ta ko sau ɗaya ba. Ba zan yi miki faɗa ba, tunda zuciyarki ta riga ni yi. Amma zan gaya miki ra'ayina tun daga farko don kada in ja ki da nisa: ki ajiye katin gaba ɗaya, kada ki sake masa suna, sannan ki riƙe abin da ya sa mata suke neman ki, domin wannan naki ne tun kafin katin ya iso daga Legas.

Bari in fara da katin kansa, saboda na lura kina jin tsoronsa, kuma ana rage tsoron abu ne idan an san asalinsa. An ƙirƙiri tarot a arewacin Italiya wajen shekarun 1440, a fadojin masu mulki irin na Milan da Ferrara, kuma karta ce ta wasa kamar wadda samari ke bugawa a bakin titi, har yau ma ana buga ta a matsayin wasa a Faransa da Ostiriya. Ganye 78 ne, 22 manya masu hotuna, sauran 56 kuma sun kasu gida huɗu, na kofuna da sulalla da takubba da sanduna. Waɗannan gidaje huɗu sun samo asali ne daga kartar da ta shiga Turai daga Masar ta zamanin Mamluk a shekarun 1370, kuma akwai ragowar irin wannan karta a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul. An shafe kusan shekara 300 ana wasa da tarot babu wanda ya ce tana faɗin gobe, sannan a 1781 wani Bafaranshe mai suna Antoine Court de Gébelin ya rubuta cewa wai hotunan asirin malaman tsohuwar Masar ne, alhali a lokacin babu mai iya karanta rubutun Fir'aunonin, sai a 1822 aka gano yadda ake karanta shi, kuma da aka karanta ba a sami ko alamar tarot a ciki ba. Bayansa wani da ake kira Etteilla ya tsara wa kowane ganye ma'anarsa ya mayar da abin sana'a. Irin katin da ya fi yawa a hannun mutane yanzu, wanda nake kyautata zaton shi ne naki, an fara buga shi a Landan a 1909, wata mai zane Pamela Colman Smith ce ta zana hotunan bisa umarnin Arthur Edward Waite. Ma'anonin da kika haddace a lokacin kulle mutane ne irinki suka zauna suka ƙaga su, takardar kuma injin ɗab'i ne ya buga ta dubbai dubbai, aka sa a kwali aka sayar.

To, me ya sa abin da kika faɗa yake faruwa? Wannan tambaya ta girme ki, domin a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, an ce wa Manzon Allah (SAW) bokaye kan faɗi abu ya kasance gaskiya, sai ya amsa cewa kalma ce ɗaya ta gaskiya da aljani ke fizgowa ya zuba a kunnen abokinsa, su kuma su cakuɗa ta da ƙarya ɗari. A wurinki ma ba na jin maganar ta kai ga aljani. Ki tuna su wane ne suke turo miki kuɗi, kuma a wane hali suke turowa. Mace ba ta neman mai duba ranar da take cikin farin ciki. Tana zuwa ne da maganar aure da ya ƙi zuwa, ko miji da ya canza fuska, ko haihuwa da ta yi jinkiri, ko kishiya da ake raɗe-raɗin shigowarta, ko bashi. Kafin ki juya ganye ɗaya ta riga ta ba ki rabin labarin a cikin yadda ta yi tambayar, da inda muryarta ta karye, da abin da ta yi sauri ta wuce. Ke kuma 'yar garin nan ce, kin san yadda gidajenmu suke, kin san abin da yakan biyo baya idan miji ya fara sa wa wayarsa lambar sirri yana fita waje amsa kira. Da wannan sani kike magana, katin yana ba ki hoton da za ki rataya maganar a kai ne kawai.

Akwai kuma wani hali na ɗan Adam da masana suka gwada tun da daɗewa. A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takardu ya ce kowa an rubuta masa bayanin halinsa ne shi kaɗai, ya nemi su auna yadda bayanin ya dace da su daga sifili zuwa 5. Da aka haɗa makin, matsakaicinsa ya haura 4. Daga baya ya bayyana musu cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga littafin duban taurari na kasuwa ya tsinto jimlolin. Magana mai faɗi kowa yana ganin kansa a ciki, sannan zuciya takan riƙe wadda ta dace ta manta da goma da suka kuskure. Matar da kika yi wa duba abin bai faru ba, ba ta dawowa ta gaya miki, wadda nata ya yi daidai ita ce take yayata ki a gidan biki. Shi ya sa lissafin da ke kanki ya karkata gefe ɗaya.

Yanzu ga maganar mayar da katin madubin nazarin kai. Na san akwai mutane a Turai da Amurka da suke faɗin haka da gaskiyarsu, suna kallon hoton su tambayi kansu abin da ya tayar musu a rai, kamar yadda wani zai kalli zane a bango. Ba na ƙaryata su, amma halinki daban ne da nasu, kuma ina so ki gwada kanki da tambaya ɗaya. A ce kin shirya tafiya Gusau, kin ɗaure kaya, da asuba kika ja ganye don nazarin kai kawai, sai Hasumiya ta fito, wannan mai lamba 16 da tsawa ta faɗa wa, wuta na fita ta tagogi, mutum biyu suna rikitowa ƙasa da ka. Za ki shiga motar da zuciya ɗaya? Idan amsar ita ce za ki ɗan yi jim, ko ki ɗage tafiyar zuwa gobe, to katin bai zama madubi ba, yana nan a matsayinsa na mai duba. Hannun da ya yi shekaru yana juya ganye don neman labarin gobe ba ya manta wannan karatu don an canza wa abin suna.

Ko da ke kin iya, masu zuwa wurinki ba za su iya ba. Za ki ce wa mace wannan nazari ne kawai, ta ce to, ta saurare ki har ƙarshe, sannan ta tambaye ki, “Amma dai zai aure ni ko?” Abin da ta biya kuɗi ta ji ke nan, kuma duk abin da kika faɗa da kati a gabanki a matsayin amsar wannan tambaya za ta ɗauke shi. An sayar da kare ke nan an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba. Larabawan jahiliyya suna da kibau da suke ja idan za su yi tafiya ko aure, ɗaya tana cewa a yi, ɗaya tana cewa a bari, ɗaya babu komai a jikinta, kuma Alƙur'ani ya ambace su a aya ta 3 da ta 90 na Suratul Ma'ida ya haramta su. Ki dubi yadda matan nan suke amfani da katinki, ki gaya mini inda ya bambanta da waɗancan kibau in ban da kyawun zane. Aya ta 65 ta Suratun Namli ta ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah, ƙarshen Suratu Luƙman kuma ya ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe. A hadisin Muslim an ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ki lura da wanda hadisin ya ambata: mai tambaya. Ke nan duk macen da kika karɓa kin jawo ta cikin wannan hatsari, ita kuwa ta zo ne tana neman sauƙi.

Zan gaya miki abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi. Ina da shekara biyu a ɗakin miji ban sami ciki ba, sai wata gwaggona ta ja ni zuwa wani zaure a cikin tsohon gari, bayan la'asar, muka tarar da mata huɗu a zaune a kan tabarma kowa ta ja mayafi ta rufe fuska. Da layi ya zo kaina, mutumin ya jawo wani faifai mai cike da rairayi mai laushi, ya shafe shi da tafin hannu, ya sa ni na dafa, sannan ya riƙa ɗiga yatsunsa a kai da sauri yana jera layuka, yana sharewa yana sakewa. Har yau ina iya tuna ƙarar yatsun nan a kan yashi da warin turaren da ke tashi a kasko. Ya ɗago ya ce ƙasa ta nuna wata doguwar mace a dangin mijina da ba ta so na da alheri. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai ambaci suna ba, ni ce na cika sauran da kaina a kan hanyar komawa gida, domin mijina yana da yaya doguwa. Na yi shekara uku ba na cin abincin da ta aiko, in ta shigo sai in tsare ƙofar ɗakina, in ta yi mini dariya in fassara ta da mugunta. Da Allah ya kawo haihuwar, ita ce ta bar gidanta ta zo ta yi kwana arba'in tana dafa mini ruwan wanka tun kafin asuba, tana dama mini kunun kanwa, tana goya jaririn don in runtsa. Ta rasu ban taɓa gaya mata zargin da na ɗora mata ba, kuma wannan nauyi yana nan tare da ni. Mutumin ya karɓi ɗan abin da ya karɓa ya manta da ni a ranar, ni kuwa jimla ɗaya tasa ta cinye mini shekara uku na zumunci.

Saboda haka maganar yarinyar da ta rabu da manemin aurenta ita ce mafi nauyi a wasiƙarki, ta fi maganar kuɗi, ta fi maganar abin da za ki yi da kwalin. Tuba tsakaninki da Allah ƙofarta a buɗe take, aya ta 53 ta Suratuz Zumar ta hana mu yanke ƙauna daga rahamarsa, amma haƙƙin mutum sai an je wurin mai shi. Ki kira ta, ko ma ki je gidansu in kin san shi, kada ki tsaya a rubutaccen saƙo. Ki gaya mata a fili cewa ba ki san gaibu ba a ranar kuma ba ki san shi yau ba, cewa ganyen da ya fito mata sa'a ce ta shan kati ta fito da shi, da an sake cakuɗawa wani ne zai fito, kuma babu wani abu da kika gani game da mutumin nan. Kada ki ce mata da ta aure shi da ta ji daɗi, domin wannan ma wani duban ne, ba ki da masaniya a kansa. Kada kuma ki nemi mutumin da kanki don gyara abin da ya ɓaci, wannan shawara ce tata da ta iyayenta. Abin da ke kanki shi ne ki cire mata ƙayar da kika soka, domin mai yiwuwa har yanzu tana kallon duk wanda ya zo neman ta da idon wancan kati. Idan akwai wasu da kika san maganarki ta sa sun zargi kishiya, ko uwar miji, ko abokiyar kasuwanci, su ma suna cikin wannan lissafi, ki bi su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon ikonki.

Sauran masu hulɗa da ke kuwa saƙo ɗaya gajere ya ishe su. Ki ce kin daina duba, kin gane cewa ba ki da ilmin abin da zai faru kuma kati ba shi da shi, kina neman afuwar duk wadda maganarki ta cutar. Kada ki mayar da saƙon wa'azi, domin jiya jiya kike karɓar kuɗinsu, kuma kada tausayi ya sa ki tura su wurin wata mai duba. Wasu za su roƙe ki ki yi musu na ƙarshe, wata ma za ta ninka kuɗin, a nan ne za a gwada ki, domin na ƙarshe ba ya ƙarewa. Akwai wata amana kuma da ba ki ambata ba: wayarki cike take da asiran matan mutane, muryoyinsu suna kuka suna faɗin abin da ko iyayensu ba su sani ba. Ki goge su duka, na wayar da na ma'ajiyar intanet, kuma abin da kunnenki ya riga ya ji ya mutu a cikinki. Waya tana ɓata, tana shiga hannun mai gyara, kuma aure nawa ne zai iya mutuwa idan saƙo ɗaya ya fita.

Katin kansa kada ki sayar, kada ki bayar kyauta, don kada ki miƙa wa wata abin da kike gudu. Ki yayyaga shi ki ƙona tare da shara, ba tare da wani tsafi ko zaɓen rana ba, kuma kada ki ji tsoron wani abu zai biyo ki, takarda ce da tawada. Abin da zai biyo ki shi ne sabo. Za ki tashi da safe hannunki yana neman abin ja, za ki shiga ruɗani kan wata shawara ki ji kewar amsa mai sauri. A nan ki riƙe azkar ɗin safe da maraice, ki sami littafin rubutu ki riƙa zuba abin da ke damun ki, domin nazarin kan da kike nema alƙalami yana yin sa ba tare da ya yi da'awar sanin gobe ba. Idan shawara ta tsaya miki, ga istihara kamar yadda ta zo a hadisin Jabir a Buhari, raka'a biyu da addu'a, sannan ki nemi shawarar masu hankali ki ci gaba da abin da ya sauƙaƙa. Sai dai ki yi hattara, domin a ƙasar nan akwai masu duba da suka ari sunan istihara, a kai musu sunan saurayi da na mahaifiyarsa su kwana su ba da labari da safe. Wannan dubanki ne na da ya sa rawani. Istihara mai buƙata ne yake yin ta da kansa, roƙon zaɓin Allah ce, kuma ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki.

Game da kuɗi, Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana ladan boka, kuma ya ruwaito cewa wani yaron Sayyidina Abubakar ya kawo masa abinci ya ci, da ya gaya masa cewa ladan bokancin da ya taɓa yi wa wani ne a jahiliyya, alhali ma bai iya ba yaudararsa ya yi, sai Abubakar ya sa hannu a baki ya amayar da duk abin da ke cikinsa. Wannan ya nuna miki nauyin abin. Daga yau kada sisi ya sake shigowa ta wannan ƙofa. Abin da ya rage a hannunki da abin da aka riga aka kashe a makarantar ƙanenki, ki zauna ki ƙiyasta su, ki kai wa malami mai tsoron Allah wanda ya san fiƙihu, ki faɗa masa halin da kike ciki dalla-dalla, domin hukuncin yana la'akari da abin da kika sani a lokacin da kuma ƙarfin hannunki yanzu. Ba a neman ki tona wa kanki asiri a gari, wanda Allah ya suturta ba ya yaye wa kansa sutura. Amma mahaifiyarki ta cancanci ta san cewa kuɗin da ke shigowa zai ragu kafin lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo, don a nemi mafita tare, ko a raba nauyin da wani a dangi, ko a nemi makaranta mai sauƙi. Zangon farko zai yi wuya, ba zan ɓoye miki ba. Turaren wutar da humrar da suka zama miki labule shekara da shekaru, yanzu ki ba su ƙarfin da kike ba katin.

Kin ce kina tsoron in kin bari babu sauran abin da kika iya, kuma a nan ne nake ganin kin fi yin kuskure. Ke 'yar Sakkwato ce, misalin yana kusa da ke. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubutu yana sukar masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da duban taurari, amma 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 kuma kabarinta yake Hubbare, ta fahimci cewa matan da ke zuwa wurin bori damuwa ce ta gaske take kai su, ta ciwo da rashin haihuwa da kaɗaici da zaman baƙunci bayan yaƙi. Hani kaɗai ba zai share musu hawaye ba. Sai ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattawan mata masu hankali ta naɗa wa kowacce muƙamin jaji, wato jagora, suna tahowa daga ƙauyuka da ayarin mata su karɓi karatu a waƙe cikin Hausa da Fulfulde, su koma su koyar, suna kula da marasa lafiya, suna sasanta rigingimu. Malfar da take ɗora wa jaji a ka irin wadda Innar Gobir, shugabar bori, take sawa ce. Matan suka ga alamar da suka saba da ita a kan macen da za su iya kai wa kukansu, amma abin da ke ƙarƙashin malfar ya canza. Kada ki ɗauki wannan a matsayin hujjar riƙe kati, domin malfa ba ta taɓa cewa ta san gobe ba. Abin da nake nuna miki shi ne matsayin, wato macen da mata ke zuwa wurinta idan dare ya yi musu tsawo. Wannan matsayi kin riga kin same shi, kuma kin same shi ne saboda kina iya sauraron mace minti arba'in ba ki katse ta ba, ba ki yi mata dariya ba, ba ki kai maganarta gaba ba. Mata ƙalilan ne a unguwa suke da wannan.

Idan kina son ki mayar da shi aikin yi, ki neme shi ta ƙofarsa. Ana karantar fannin jagoranci da ba da shawara a ɓangaren ilmi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma karatunki na Islamiyya zai ba ki abin da za ki tsaya a kai. A can za ki koyi abin da kati bai taɓa koya miki ba, wato iyakarki. Macen da ta yi makonni ba ta barci, ta daina cin abinci, ko take maganar gara ta mutu, likita take buƙata, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Kware kusa da mu. Wadda ake duka tana buƙatar waliyyanta da hukuma. Amma kada ki yi gaggawar buɗe sabon shafi da sabon suna a watan nan, domin waɗanda suka san ki da duba za su biyo ki da tsohuwar buƙatarsu. Ki ba abin lokaci, wata shida ko shekara, har sunanki ya rabu da katin a bakin mutane. A tsakanin nan, wadda ta kira ki don ta yi kuka ki saurare ta kyauta, in ta tambaye ki abin da zai faru ki ce Allah ne masani, sannan ki tambaye ta abin da ita take gani ya kamata ta yi.

Ki fara da yarinyar nan kafin Juma'a mai zuwa, tun zuciyarki tana da zafin abin. Mai yiwuwa ta yi shiru, mai yiwuwa ta zage ki ta kashe waya, kuma tana da haƙƙin yin haka, kada ki kare kanki ko ki ce ai ita ta kawo kanta. Idan ta kashe, ki bar ta kwana biyu ki sake kira sau ɗaya, in ta ƙi ɗauka ki aika mata bayanin a rubuce don gaskiyar ta isa gare ta ko da yafiyar ba ta zo ba tukuna, ki kuma sa ta a addu'arki da sunanta. Ki rubuto mini yadda kuka yi, ɗiyata, ina jira.

Innarku.